Tambayoyi da amsoshi kan ziyarar fadamar Logon, dajin Waza da duwatsun Figil

Da zarar kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa daga fadama, sai tambayoyi su fara zuwa daga 'yan'uwa na Marwa, Garwa, Kusiri da Njamena. Wannan yana son kai iyali su ga raƙumin dawa, wancan malamin makaranta ne zai fita da ɗalibai, wani kuma ya ga hoton kogon dutse a Facebook an ce masa a Waza ne. Ga waɗanda aka fi maimaitawa. Wanda ba shi da lokaci ya karanta ta biyu da ta uku, domin a wannan ƙasa ruwa da tsaro ne ke sa ranar tafiya.

Wai ina ne wannan fadamar, kuma ina Waza yake a cikinta?

Kogin Logon yana samo ruwansa daga tsaunukan Adamawa da arewacin Afirka ta Tsakiya. Yakan ratsa kudancin Chadi ta Mundu da Lai, daga wajen Bongor da Yagwa ya zama iyaka tsakanin Kamaru da Chadi, har ya haɗu da Shari a tsakanin Kusiri da Njamena, su nufi Tafkin Chadi tare. Ƙasar da yake bi a nan shimfiɗaɗɗiya ce, kusan babu gangare, saboda haka idan ya cika sai ya tsallake gaɓa ya bazu a fili iya ganinka. Wannan filin shi ne Fulani ke kira yayre. A 2006 aka sa ɓangaren Kamaru, hekta 600,000, cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Gandun Waza yana gefen yamma na fadamar, girmansa murabba'in kilomita 1,700. An keɓe shi tun 1934 zamanin Faransawa, ya zama gandun ƙasa a 1968, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren adana halittu a 1979. Daga Marwa kimanin kilomita 120 ne ta Mora, a kan babban titin da ke zuwa Kusiri. Sauran fadamar ba gandu ba ce. Mutane na zaune a ciki, suna su, suna kiwo, suna noma.

Wane wata ya fi dacewa?

Ya danganta da abin da kake son gani, amma akwai watannin da ba a zancensu ma. Damina tana sauka daga Yuni zuwa Satumba. Cikar kogin kuwa takan iso a makare, wajen Satumba da Oktoba, domin ruwan da aka yi ne a can kudu mai nisa yake tahowa a hankali. Shi ya sa baƙo kan yi mamaki: sama tas, babu hadari ko ɗis, amma ruwa sai ƙaruwa yake a ƙofar gidajen mutane. A wannan lokaci hanyoyin cikin gandu a rufe suke. Baƙar lakar wurin idan ta jiƙe takan naɗe taya kamar yadda tuwo ke kama muciya, kuma ko kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu, ba ta tsira.

Wajen tsakiyar Nuwamba ake fara shiga, sai dai ciyawa ta fi mota tsayi, ruwa kuma yana ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa inda kake. Disamba da Janairu na mai son tsuntsaye ne da mai son ganin su: ga sanyi, ga agwagin ruwa da suka taho daga Turai, ga masunta a bakin aiki. Illarsu hazo, wanda kan ɓata hoto ya kuma toshe hanci.

Mai son manyan dabbobi sai ya daure wa Maris da Afrilu. Fadama ta bushe, ƙasa ta tsage har ƙafar yaro na iya shigewa, ruwa ya rage a 'yan tafkuna kaɗan, wasu ma haƙa su aka yi don dabbobin. Idan ka tsaya nesa da ɗaya daga cikinsu da hantsi, ka kashe mota, ka yi shiru, za ka ga zabi sun fara zuwa a guje, sai mariya, sai mugun dawa da jelarsa a tsaye. Raƙumin dawa shi ne na ƙarshe. Yakan daɗe a tsaye yana dube-dube, sannan ya ware ƙafafun gaba, ya sunkuyar da wannan dogon wuya, ya sha da sauri ya miƙe a firgice. Farashin wannan kallo zafin da ya wuce digiri 40. A ganina mai iyali ya zaɓi Fabrairu, ya yarda da ganin kaɗan. Daga Mayu kuwa ruwan farko guda ɗaya ya isa ya kwanar da kai a daji.

Malam, a faɗa mana gaskiya, akwai tsaro?

Ba a ɓoye wannan. A Fabrairun 2013 'yan Boko Haram sun sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga bayan sun fito daga Waza, aka sako su a Afrilu. A Mayun 2014 an kwashe ma'aikatan hanya goma 'yan China a garin Waza, sai Oktoba suka kuɓuta. Tun daga nan yawon buɗe ido a yankin ya durƙushe, titin Mora zuwa Kusiri kuma ya sha ganin hare-hare da rakiyar sojoji.

Hali yana canzawa daga wata zuwa wata, don haka labarin bara ba ya amfani bana. Kafin ka tashi ka tambayi ofishin kula da gandun daji da namun dawa a Marwa, ka tambayi jandarma, ka kuma tambayi direbobin tashar Kusiri, waɗanda ke bin hanyar kullum. Idan an ce sai da rakiya, to sai da rakiya. Kada ka yi tafiyar dare, kada kuma ka baza ranar tafiyarka a intanet. Idan amsoshin da ka samu sun saɓa wa juna, ka fasa, akwai wasu wuraren da zan ambata a gaba.

Daji ne mai duhu, ko fili ne kawai?

Kashi uku ne. Ta yamma, kusa da ƙofar shiga da duwatsun garin Waza, ƙasa mai yashi ce da itatuwan da kowa ya sani: danya, marke, tsamiya, faru. Tsakiya dajin ƙaya ne na dushe da aduwa a kan baƙar laka, nan raƙuman dawa da giwaye suka fi zama. Gabas kuwa fadama ce zalla, ciyawa har inda ido ya tsaya, burgu da jema da shinkafar daji, sai tsibiran tudu nan da can masu 'yan itatuwa. Mai neman kurmi mai inuwa a bakin kogi, da kanya da giyayya sun rufe sama, gandun Binuwai ya kamata ya nufa.

Zan ga zaki?

Da wuya. Binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 2000 ya nuna manyan zakunan Waza ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma da rana suna kwance a ƙarƙashin ƙaya. Wanda ya yi maka alkawarin zaki kuɗinka yake so. Giwaye ma ba kullum suke nan ba, sukan yi ƙaura arewa wajen Kalamaluwe ko kudu wajen Kayele gwargwadon ruwa da abinci.

Abin da za ka iya sa rai da shi: raƙumin dawa, wanda Waza na cikin manyan mafakarsa a wannan yanki na Afirka, da mariya, dari, gwanki, barewa, dila, jan biri, wani lokaci jimina. Tsuntsaye kuwa an ƙirga iri fiye da 350. Garken gauraka a bakin ruwa da asuba, ga kwasakwasa, ga dinya, ga borin tunke yana tsaye shi kaɗai, ni dai ban ga abin da zaki mai barci ya fi su da shi ba.

Dattawa na cewa da can namun dawa sun fi haka yawa. Me ya faru?

Gaskiya suka faɗa, kuma ba mafarauta kaɗai ba ne sanadi. A 1979 aka gina madatsar ruwa ta Maga, mai tsawon kusan kilomita 30, tare da jinga a gefen Logon, don kamfanin shinkafa na SEMRY ya samu ruwan noman rani. Madatsar ta tare ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara ta Mayo Tsanaga da Mayo Bula, jingar kuma ta hana kogin tsallakowa. Wannan ya zo daidai da farin shekarun 1970 da 1980. Babban yanki na fadamar ya daina samun ruwa. Ciyawa mai daɗewa, wadda ke sake toho da rani, ta mutu, ciyawar shekara ɗaya ta maye gurbinta. Kifi ya rasa wurin ƙwai, makiyaya suka rasa makiyaya, mariya da aka ƙiyasta kimanin 20,000 kafin madatsar ta koma wajen 2,000 a tsakiyar shekarun 1980.

A 1994 shirin Waza-Logon na IUCN, ƙungiyar kare muhalli ta duniya, ya buɗe wata mashigar ruwa da jingar ta toshe, ruwa ya koma kan fili kimanin murabba'in kilomita 200. Cikin 'yan shekaru ciyawa ta farfaɗo, kifi ya dawo, tsuntsaye suka ƙaru, mariya ta haura wajen 5,000. Shanu ma suka ƙaru, har suka riƙa kutsawa cikin gandun, farauta ta ɓoye kuma ba ta tsaya ba, sai adadin namun ya sake yin ƙasa. Ba na cikin masu zagin shinkafar Maga, gidaje da yawa da ita suke ci. Amma wanda ya tsaya a kan jingar ya dubi kore a hannu ɗaya, ya dubi busasshen fili a ɗaya hannun, ya ga abin da aka biya.

Zan iya shiga da motata ni kaɗai?

A'a. Dole ka biya kuɗin shiga a ƙofa, ka karɓi rasit, a haɗa ka da ɗan rakiya. Hanyoyin ciki ba su da alama, duk ƙaya ɗaya ce a idon baƙo, kuma sai da ɗan gari akan ci gari. Ka zo da mota mai tsayi, taya biyu na ajiya saboda ƙaya, da cikakken mai daga Marwa ko Mora. Ba a sauka daga mota sai inda ya ce. Ba bindiga, ba kare, ba kunna wuta, ba kiɗa.

To salla fa, idan lokaci ya yi muna ciki?

Ka gaya wa ɗan rakiya tun da wuri, zai kai ku fili buɗaɗɗe ko gindin hasumiyar kallo inda ake ganin nesa. Ku zo da ruwan alwala a buta, kada kowa ya nufi bakin tafki. A duba ƙasa kafin a shimfiɗa darduma saboda kububuwa da kunama. Mafi sauƙi shi ne a shiga bayan asuba, a fito kafin azahar, dama da tsakar rana babu dabbar da ke yawo.

Ana iya ziyartar ƙauyukan cikin fadamar?

Ana iya, kuma a nan ne tafiyar take da armashi. Kotoko suna garuruwansu na tun zamanin kakanni kamar Logon-Birni da Zina, Musgum suna wajen Pus da Maga, Larabawan Shuwa da Fulani sukan sauko da shanu da zarar ruwa ya janye, wasu daga Nijeriya da Nijar. Hausawa ma suna nan a kasuwannin kifi da na shanu.

Ka lura da dogayen magudanai da masunta ke haƙawa da hannu daga ƙwarin fadama zuwa kogi. Lokacin cika kifi yakan bazu cikin ciyawa ya yi ƙwai ya yi ƙiba. Da ruwa ya fara komawa, sai ya biyo magudanar, a bakinta kuma an kafa raga mai kamar buhu tana jiransa. Tarwaɗa, karfasa, kurungu, bargi, duk a ciki. Gefe guda mata na farke ciki, ana jera wa a kan wuta, hayaƙin banda ya cika gari har tufafinka su ɗauka. Waɗannan magudanai dukiya ce da ake gado ana kuma sayarwa, amma suna tsotse fadama da wuri, shanu kuma kan faɗa ciki su karye. Rikicin ruwa irin wannan ne ya rikiɗe ya zama faɗa tsakanin Shuwa da Musgum a yankin Logon-Birni a Agusta da Disamban 2021, aka rasa rayuka, dubban mutane suka tsallaka Chadi. Baƙo ba ya tsoma baki a wannan zance.

Ka fara da gaida bulama ko lawan, da ɗan goro ko sukari da shayi a hannu. "Baba, mun zo ganin gari ne, a ba mu izini" ta isa ta buɗe maka ƙofa. Kada ka ɗauki mace hoto ba izini. A Murla kusa da Pus akwai gidajen Musgum na gargajiya, dogayen ɗakunan laka masu tsini da aka gina ba ko sanda ɗaya, da zanen tudu-tudu a jiki wanda ake takawa a hau sama a yi yaɓe. A tafkin Maga kuma akwai dorina. Idan mai kwalekwale ya ce nan za a tsaya, kada ka ce ya matsa.

An ce akwai kogwannin dutsen farar ƙasa. Suna ina?

Ba a Waza ba. Fadamar laka ce da yashi da kogi ya tara, ba a samun kogo a cikinta. Irin kogon da ake gani a hoto, mai tsinayen dutse suna reto daga sama, yana samuwa ne inda dutsen farar ƙasa yake da kauri kuma ruwa na ratsa shi shekaru dubbai. Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon daga sama da ƙasa ya zama ɗan tsami, ya bi tsagar dutsen yana narkar da shi a hankali har rami ya buɗe. Ɗigon da ke sauka daga rufin kuma yakan bar ɗan abin da ya narkar, shi ne ke taruwa ya zama tsini. Mashahuransu suna nesa, kamar Postoina a Sulobeniya da kogon Mamot a jihar Kentaki ta Amurka.

Namu dutsen farar ƙasar yana wajen Figil, a kan titin Garwa zuwa Marwa, kimanin kilomita 90 daga Garwa. Shi ya sa masana'antar siminti ta CIMENCAM take can. A Chadi kuma akwai shi a wajen Pala, inda aka kafa tasu masana'antar. Abin kallo a yankin Figil yana Bidzar, ƙasar Gidar. Fararen duwatsu ne shimfiɗe a fili, irin waɗanda zafi da nauyin ƙasa suka ƙara wa tauri har ana yanka su a yi daɓe, a kansu kuma mutanen zamanin da sun sassaƙa zane ɗaruruwa, yawanci da'ira, wata cikin wata, wata manne da 'yar'uwarta. Tun 1933 aka ba da labarinsu a rubuce, a 2006 kuma Kamaru ta sa su cikin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Da tsakar rana za ka iya taka zanen ba ka gan shi ba. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da hasken ke zuwa a karkace, sai ka ga layukan sun fito. Kada a zuba musu ruwa ko a bi su da alli don hoto ya yi kyau. Fasa dutse da ake yi a yankin ya riga ya ci wasu.

Mai son shiga cikin dutse sosai ya wuce Kola, kusa da garin Gidar, inda Mayo Luti ya huda dutse mai tauri ya yi lungu mai zurfi, bango baƙi da toka-toka, sumul saboda gogar ruwa, da ɗakuna da tukwane da ruwa ya fafe. A Chadi kuwa kogwannin Ennedi masu zanen shanu da raƙuma, waɗanda UNESCO ta amince da su a 2016, na dutsen yashi ne, kuma tafiya ce ta kwanaki cikin hamada.

Akwai haɗari a Kola?

Da damina ba a shiga, ko da sama tana tas a inda kake. Ruwan da aka yi a duwatsun Mandara yana iya isowa cikin lungun ba sallama, kuma babu wurin hawa. Da rani ma ka ɗauki yaron gari ya ja gaba, ka sa takalmi mai kama ƙasa, silifa ba ta yi. Kada ka cusa hannu a rami, akwai maciji da zuma. Inda jemagu suka tara kashi kada a tayar da ƙura, tana cutar da huhu.

Idan Waza bai yiwu ba, sai ina?

Gandun Binuwai, a kan titin Garwa zuwa Ngaundere: murabba'in kilomita 1,800, gandun ƙasa tun 1968. Akwai dorina da kada a kogi, ɓauna, gwaggon biri, da kurmin bakin ruwa. Akwai tsando, a sa tufafi masu haske da dogon hannu. Mutanen Kusiri suna da Kalamaluwe a kusa, ƙarami ne, amma tambayar tsaro ta shafe shi shi ma.

Mai hali ya je Zakuma a kudu maso gabashin Chadi, kusa da Am Timan. Shi ma fadama ce, ta Bahar Salamat, an kafa shi a 1963. Mafarautan haure sun rage giwayensa daga sama da 4,000 a farkon shekarun 2000 zuwa wajen 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da shi, daga nan suka fara ƙaruwa. Da damina a rufe yake gaba ɗaya.

Daga Chadi zan taho. Wace takarda zan riƙe?

Fasfo ko katin shaida mai aiki, katin allurar shawara, da takardun mota cikakku. Ƙasashen biyu suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, kuɗinsu ɗaya, sefa. Daga Njamena ana tsallakowa ta gadar Ngeli zuwa Kusiri, daga kudu kuma ta sabuwar gadar Bongor da Yagwa da aka buɗe a 2025, wadda ta fi kusa da Pus da Maga. A shekarar babbar ambaliya, irin 2012, 2022 da 2024, hanyoyin gefen kogi kan daɗe ba su gyaru ba, a tambaya tukuna. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, bayan manyan garuruwa ba banki.

Za a iya zuwa da yara da tsofaffi?

Za a iya, ban da Maris da Afrilu. A riƙe gidan sauro, ruwan sha mai yawa fiye da yadda ake zato, da gishirin zawo. Babban abin da za a tsare shi ne wanka ko wasa a ruwan fadama da magudanan shinkafa, domin nan ake ɗaukar tsargiya. Yaro zai ga yaran gari suna iyo ya ce shi ma sai ya shiga. A hana shi. Duk wanda ya yi zazzaɓi bayan an dawo a kai shi gwaji, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Hajiya ta ce kada in dawo hannu sake. Me zan kawo tsaraba?

Banda da busasshen kifi daga Maga ko Pus, shinkafar Yagwa, da tukwane idan ka bi ta Gawi kusa da Njamena, inda tsohon gidan sarki ya zama gidan tarihi. A kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa akwai takalma, jakunkuna da matasan fata, ka tabbatar dai na akuya ne ko tunkiya ko saniya. Za a iya raɗa maka cewa akwai man zaki, ƙwan jimina, jelar raƙumin dawa, fatar mesa ko ɗan haure. Man zakin ma ba lallai ne ya zama na gaskiya ba. Na gaskiyar kuwa, idan aka same shi a jakarka a shingen jandarma ko na masu gadin daji, tara ce da ɗauri, kuma "saya na yi" ba ta fid da kai.